Hannun da Ya Karɓi Zumar Baba Kumai

Ku da kuka saba da ni kun san ba ni da yawan magana. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, sunana Zamzam, a Kafanchan aka haife ni, kuma in aka tara mutane a ɗaki ni ce wadda za a manta tana ciki. Umma takan ce abin da Allah ya rage mini a baki ya ƙara mini a ido. To wannan idon ne ya ja mini abin da zan ba ku labari yau.

Asabar ɗin nan aka sa dangin Jamiluddeen, mai neman aurena, za su zo gaisuwa gidanmu. Tun farkon sati Umma ta mayar da tsakar gida wurin suya. Cincin a manyan robobi, dubulan a kwalla, ƙamshin mai har cikin kayan sawarmu. Ni kuma an karɓo mini ɗinkin atamfa mai ruwan ganye da ratsin zinare, na rataye ta a jikin wardirob, ina wucewa ina satar kallonta kamar baƙuwa.

Jamil sana'arsu ɗaya da Abba, sayen citta a ƙauyuka. Yana da tsohuwar Hilux wadda aka ce da fara ce, amma jar ƙasar hanyoyin gona ta daɗe da canja mata launi. Duk ramin da babur zai ji tsoro, ita shiga take. Matsalarta ɗaya: in aka loda mata buhuna, direba ba ya ganin komai a bayansa. Ranar da ya zo hira da kaya a mota, garin yin ribas ya take tiren gyaɗar Madam Martina mai shago a gefenmu. Ya biya ta, ya ba ta haƙuri, har ta yi dariya. Amma Abba yana zaune a kan benci, sai ya ce, "Mutumin da ba ya ganin bayansa, ya za a ba shi amanar 'yar mutane?"

Da murmushi ya faɗa. Jamil dai bai ɗauke ta wasa ba.

Akwai kuma abu ɗaya da na sani game da Jamil wanda ba wanda ya sani a gidanmu. Bahago ne. Da dama yake cin abinci, da dama yake gaisawa, da dama yake rubutu, don ya sha dukan hannu yana ƙarami. Amma in ya manta da kansa, in zai cafe makullin da aka jefo masa ko zai kori ƙuda, hagun ce ke riga fita. Ban taɓa ce masa na lura ba. Ni dai na gani na ajiye.

Ranar Laraba da hantsi sai ga saƙonsa: "Fito ki ga, na kawo wa Abba amsa."

Na zura doguwar riga, na ja mayafi ruwan toka na fita. Ya faka motar a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidanmu, yana sanye da wata tsohuwar riga mai tabon baƙin mai, yana ɗaga ɗan kwali sama kamar wanda ya ci kofi.

"Amsar me?" na ce.

"Idon baya."

Ya buɗe. Wata 'yar kyamara ce da ba ta fi dabino girma ba, da sikirin kamar tafin hannu, da doguwar waya a naɗe kamar taliya. Ya ce a Sabon Tasha ya tsinto ta da arha, ranar da ya kai kaya Kaduna.

"Me ya sa ba ka kai wa ɗan rewaya ba?"

"Ɗan rewaya? Abin da na kalla a waya har na haddace? Ke dai ki zama 'yar kallo, yau za ki san wa za ki aura."

Na rufe baki da mayafi. Shi ya san dariya nake.

Ya jawo wuta daga shagon Madam Martina, ya huda ɗan rami a saman lambar mota, ya ɗaure kyamarar. Sannan ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashin motar, yana bin ƙarfen da doguwar wayar, yana ɗaure ta da yankakkiyar robar taya, yana nisanta ta da salansa kada zafi ya narkar da ita. Ya kwance fitilar baya, ya fere wayar fitilar ribas ya haɗa jar waya a jikinta, baƙar kuma ya kankare fenti a gindin wani noti ya matse ta a wurin, ya naɗe komai da salatif. Yana yi yana mini bayani daga ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai nake gani. Wai da zarar an sa giyar ribas, fitila ta kama, ita ma kyamarar ta farka. A jikin kyamarar akwai wasu 'yan wayoyi biyu a lanƙwashe kamar kunnen jaka, fara da kore. Na tambaye shi na mene ne.

"Waɗannan? Ado ne kawai," ya ce.

Kuma da hagu yake riƙe da sukundireba. Na gani.

Da ya zo gwaji sai ya buƙaci wanda zai zauna a gaba ya gaya masa ko hoto ya fito. Na shiga na tambayi Umma. Ta ɗago daga kan kasko, gumi a goshinta.

"Ki bar ƙofar motar a buɗe, kuma ki ja mayafinki. Ba a ɗaura ba tukuna."

Na zauna a kujerar mai zaman banza. Motar sai warin citta da man dizal. Ya ja birkin hannu, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba, ya sa ribas. Sikirin ya yi shuɗi, ya yi ƙyaftawa, sai ga layinmu tar a ciki: kwata, gindin mangwaro, wata akuya tana wucewa. Wallahi sai da na ce, "Laa."

Daidai nan Abba ya dawo daga kasuwa. Jamil ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Abba, don Allah ka shiga ka duba mini." Na yunƙura zan fita, Abba ya ce, "Yi zamanki." Ya tattara babbar rigarsa ya zauna a kujerar direba, ya gyara tabarau. Jamil ya zaga baya don ya daidaita kan kyamarar. Muna ganinsa a sikirin, fuskarsa ta kumbura kamar a bayan cokali, yana ɗago mana hannu. Na ga gefen bakin Abba ya motsa. A raina na ce, shi ke nan, Jamil ka ci.

Sai ga babur ya shigo cikin hoton. Baba Kumai ne.

Dole in tsaya in gaya muku wane ne Baba Kumai, in ba haka ba ba za ku gane ba. Manomin citta ne daga wani ƙauye ta hanyar Zangon Kataf, dattijon coci, kuma tun kafin a haife ni Abba yake sayen cittarsa. Shekarar da gari ya rikice ina 'yar ƙarama, shi ya zo da kansa ya kwashe mu, ni da Umma da Abba, ya ajiye mu a ɗakin matarsa har ƙura ta lafa. Ban tuna komai sosai ba sai ɗanɗanon kunun acca da matarsa take ba ni. Abba ba ya yawan maganar. Amma a gidanmu, in Baba Kumai ya zo, Abba da kansa yake ɗauko masa kujera.

A sikirin muka ga ya kafe babur, ya ciro kwalbar zuma daga jaka, ya miƙa wa Jamil. Babu sauti, hoto ne kawai. Jamil ya ɗan rusuna, ya miƙa hannu ya karɓa.

Hannun hagu.

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ƙura ido ko na yi kuskure. Bayan ya ajiye kwalbar ya sake miƙa hannu suka gaisa, nan ma hagun ce, har tsohon ma na ga ya bi shi da hagu. Na saci kallon Abba. Murmushin ya tafi. Ya cire tabarau a hankali, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya fita daga motar, ya zaga, ya kama hannun Baba Kumai da hannu biyu.

"Malam, mota ya samu ido a baya?" na ji Baba Kumai yana dariya. "Yaran yanzu za su kashe mu da wayo."

Abba ya ja shi zaure. Ko inda Jamil yake bai kalla ba.

Jamil ya leƙo ta taga, fuskarsa duk maiƙo. "Ya ya gani? Ya burge shi?"

Na ce Umma na kirana. Na shige gida.

Bayan magariba muna cin tuwo Abba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "A aika wa mutanen nan kada su wahalar da kansu ranar Asabar."

Ludayi ya suɓuce daga hannun Umma ya faɗa cikin miya.

"Malam, wane mutane?"

"Kin ji ni."

"Inna lillahi. Me ya faru? Cincin ɗin nan fa? Dangina na Zonkwa da na riga na gaya wa fa?"

Sai ya faɗa mata. Muryarsa ko tashi ba ta yi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce yaron da yake durƙusa masa har ƙasa, yau ya ga yadda yake yi in yana zaton ba a ganinsa. Ya ce ya san irinsu, masu ganin wanda ba ya salla bai cancanci hannun dama ba. "In Kumai bai isa ya ba shi dama ba, ni ma ban isa in ba shi 'ya ba."

Umma ta juyo kaina. "Ke kina wurin. Haka aka yi?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na san Jamil ba mai raina mutane ba ne. Amma na san bahago ne, kuma na gani da idona. Na gyaɗa kai.

Ni, da kaina, na ba da shaida a kansa.

"To a tambayi Kumai ɗin mana," in ji Umma. "Ba jibi zai dawo karɓar buhuna ba?"

"Kumai?" Abba ya wanke hannu. "Kumai ko marinsa aka yi, cewa zai yi sauro aka kashe masa. Kuma da wane bakin zan tambaye shi ko an wulaƙanta shi a ƙofar gidana?"

Wayata tana ta haske a kan katifa. "Gimbiya, shiru?" Can kuma, "Na yi laifi ne?" Can kuma, "Abba ya ce wani abu game da kyamarar?" Daga sama nake karanta su, ban buɗe ba. Da suka yi yawa na kifa wayar na ɗora mata filo.

Ranar Alhamis Umma ba ta aika kowa ko'ina ba. Ta ce wa Abba wanda za ta aika ya yi tafiya. Ni kuwa ta sa ni a gaba tun safe.

"Kin zauna kin yi shiru kamar an ɗinke miki baki. Sa'o'inki duk suna ɗakunansu. Wannan ya zo, mai sana'a, mai kunya, kin bari zai tafi a kan hannu. Ba ki iya cewa ba ki gani da kyau ba? Sai kin gyaɗa wannan kan naki?"

"Umma, na gani ne."

"Kin gani. Kullum kin gani. Wata rana sai ganin nan ya bar ki a gidan ubanki."

Mai lallen da aka kira tun farkon sati ta zo, ta zana mini hannun hagu, kafin ta kai ga na dama Abba ya shigo, Umma ta yi wuf ta sallame ta ta ƙofar baya. Haka na yini da hannu ɗaya mai ado, ɗaya fari fat.

Da la'asar Umma ta ce in zuba wa Abba zuma a shayi. Na ɗauko kwalbar Baba Kumai, tsohuwar kwalbar lemo da aka toshe da totuwar masara. Na kama wuyanta. Ina kama ta sai hoton jiya ya dawo mini, yadda hannun tsohon ya zagaye wuyan kwalbar nan a sikirin, yatsu a jere.

Yatsu a jere.

Na tsaya cak. Hannun hagun Baba Kumai ba shi da yatsu biyu. Wuƙar fere citta ta cire su tun yana saurayi, kowa ya sani, shi da kansa yake tsokanar yara da dungun. Da wannan hannun ko kofi ba ya riƙewa. Amma hannun da na gani a sikirin, wanda na rantse hagu ne, cikakke ne.

Na ajiye kwalbar na ruga ɗaki. Na tsaya a gaban madubin wardirob, na ɗaga hannuna na dama, wanda babu lalle. Yarinyar da ke cikin madubi ta ɗaga nata. In ka ɗauke ta a matsayin wata ce daban tana fuskantarka, hagunta ta ɗaga.

Kyamarar madubi ce. Kamar madubin gefen mota take nuna abu, a juye. Da dama Baba Kumai ya miƙa, da dama Jamil ya karɓa.

Na zauna a ƙasa. Tun da nake ban taɓa zargin idona ba. Bakina na san ba shi da amfani, amma idona? Ashe shi ma ana iya yi masa ƙarya, kuma ya ɗauka ya kai gaban Abba.

Ranar Juma'a da safe na yi abin da ban taɓa yi ba. Na sami Abba a zaure yana auna citta a tafin hannu, yana karyawa yana shinshinawa. Na durƙusa. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake buɗewa.

"Abba, kyamarar ce."

"Me?"

Na faɗa masa, ina in'ina, ina kallon tabarma. Yatsun Baba Kumai, madubi, komai. Ya daɗe yana kallona. Ina jin bai taɓa jin na haɗa magana mai tsawon haka ba.

"Ni ban kalli yatsu ba," ya ce. "Hannu na kalla. Amma ki kira shi. In na gani da idona, na janye."

Na ɗauki waya, na wuce tulin saƙonninsa ban karanta ko ɗaya ba, kunya ta hana ni. Na rubuta, "Ka zo da motar in an sauko daga masallaci." Nan take ya amsa, "Alhamdulillah, ashe kina raye." Na so in yi masa bayani, amma ta ina zan fara? In ce masa ni na ba da shaida a kanka? Na ce bari a gama, ma yi dariyar abin daga baya.

Ya zo cikin farar shadda da hula zanna, motar ma an wanke ta. Bai san komai ba. Ya gaishe da Abba, Abba ya amsa a taƙaice ya shiga kujerar direba. Umma tana leƙe ta bayan labulen zaure. Aka murɗa makulli, aka sa ribas. Na zaga bayan motar, na fuskanci 'yar kyamarar, na ɗaga hannun dama sama.

"Wanne kika ɗaga?" Abba ya tambaya ta taga.

"Dama, Abba."

Ya ƙura wa sikirin ido.

"Ni ma dama nake gani."

Na zaci ban ji daidai ba. Na sauke, na ɗaga mai lallen.

"Yanzu hagu. Daidai take nunawa, Zamzam."

Ban san lokacin da na iso tagar ba. Na leƙa. Allon shagon Madam Martina yana can a kusurwar sikirin, rubutun yana karantuwa sarai, ba a juye ba.

"Ai na gyara ta," in ji Jamil daga bayana, da muryar mai jiran yabo. "Jiya na lura lambobin motocin da ke bayana duk a juye suke fitowa. Ashe 'yar farar wayar nan ba ado ba ce, in ka yanke ta hoto yake miƙewa. Na sa reza na cire ta. Ba na turo miki ba? Har da hoto."

Na juyo na kalle shi. Ban san me ya gani a fuskata ba, amma murmushinsa ya mutu.

Abba ya fito daga motar, ya rufe ƙofa a hankali.

"Shekaranjiya tana juyawa, yau ba ta juyawa. Shaidar kuma tana jikin wayar da ka yanke."

"Shaidar me, Abba?"

Umma ce ta faɗa masa daga bayan labule, cikin jimla biyu. Jamil ya kalli hannayensa duka biyu kamar ba nasa ba.

"Ni? Baba Kumai? Wallahi Abba da dama na karɓa. Bari in haɗa wayar yanzu ka gani, minti nawa ne."

"Abin da kake juya shi yadda ka ga dama, ba ya zama shaida." Sannan ya juyo gare ni. "Ke kuma. Ban taɓa jin ƙarya a bakinki ba, don ban cika jin komai a bakinki ba. Yau da kika buɗe shi, da abin da kika fara ke nan?"

Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ɗauke motarka daga ƙofar gidana," ya ce wa Jamil.

Jamil ya kalle ni. "Ke ma kin yarda na yi?"

Ban amsa ba. Shirun nan nawa da kowa yake yabo, shi ya amsa masa.

Ya shiga mota ya tayar. Idonsa ya yi ja. Layinmu ba ya ɓullewa, dole sai da ribas ake fita. Ina tsaye a bakin zaure ina kallonsa ta gilashi: bai waiga ba, bai kalli madubin gefe ba, sikirin kawai ya ƙura wa ido, sabon idon da ya sa da hannunsa.

A lokacin ne babur ya shigo layin. Baba Kumai, ya zo karɓar buhunansa. Ya ga mota na tahowa, sai ya raɓe ta ɓangaren hagun motar, gindin mangwaro, ya sa ƙafa a ƙasa yana jira ta wuce.

Na ga Jamil ya gan shi a sikirin. Na ga ya murɗa sitiyari don ya kauce masa. Sai bayan motar ya karkata hagu, kai tsaye wurin mangwaron.

A nan na gane. Ba a banza aka yi ta a juye ba. Da ya miƙe hoton, abin da ke hagunsa ya koma dama a sikirin. Yana gudun tsohon ne, yana bin sa.

"Jamil, tsaya!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Har tattabarun Madam Martina sai da suka tashi. Ya taka birki, amma ƙarfe ya riga ya sami ƙarfe. Babur ya kife, Baba Kumai ya bi shi, hularsa ta gangara cikin kwata.

Muka ruga gaba ɗaya, har Umma ba mayafi. Jamil ya riga kowa. Ya ɗage babur ɗin daga kan ƙafar tsohon ya wurgar gefe kamar kara, farar shaddarsa ta sha baƙin mai, yana ta "Baba, Baba, sannu, na shiga uku, Baba." Ya miƙa hannu zai tashe shi.

Na rufe ido na buɗe. Hagu ce. Wannan karon babu sikirin, babu madubi. Tsoro ya sa ya manta da kansa, hannun da aka yi shekaru ana duka ya riga fita. Kuma Abba yana tsaye a kansu.

Baba Kumai yana kwance a ƙasa, yana numfashi sama-sama. Ya kalli hannun. Ya kalli Jamil.

"Kai, yaro," ya ce. "Ka buge ni da mota, kuma ka kawo mini hagu? Ina dama ɗin da ka karɓi zuma da shi ranan Laraba, har kana rusunawa kamar sabon amarya? Kawo shi nan."

Ba wanda ya yi motsi. Na kalli Abba. Bakinsa a ɗan buɗe, idonsa a kan Baba Kumai, sannan a hankali ya dawo da shi kaina. Ni ce na fara sunkuyar da kai.

Jamil ya miƙa dama. Tsohon ya kama ya yunƙura, sai ya saki wata ƙara ya koma. Ƙafarsa daga idon sawu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

"Ubangiji ya yi mini jinƙai," ya ce a hankali. "Malam, citta na yana ƙasa ban haƙa ba."

Abba ya tuɓe babbar rigarsa ya shimfiɗa a kujerar baya, shi da Jamil suka ɗauki tsohon suka kwantar. Ya ce mini, "Shiga ki riƙe masa ƙafar." Sannan ya buɗe tafin hannu a gaban Jamil.

"Makulli."

Jamil ya ba shi. Da hannu biyu.

Abba ya zauna, ya sa ribas, sikirin ya kawo haske. Ya cire hularsa ya kifa a kan sikirin, ya ɗora hannu a bayan kujera, ya juya wuyansa ya fitar da mu daga layin.

Har muka isa asibiti ƙafar Baba Kumai tana kan cinyata, Jamil yana can bayan mota a tsaye inda ake loda buhuna. Wayata ta yi haske, Umma ce: "Ya ce wani abu game da gobe? In ci gaba da suya ko in sauke?"

Na ɗago na kalli ƙeyar Abba. Ita kaɗai nake iya gani, kuma ba ta ce mini komai ba.